Gudumar da Ke Ƙarshen Kaset

Sidni, 9 ga Fabrairu, 1982

Daga Alhaji Abu Mundir, mai filin tsofaffin ƙarafa, shugaban mutanen Ain Safsaf mazauna Ostireliya, wanda ya sauke farali har sau uku, zuwa ga gidan marigayi Abu Zuhdi maƙerin tagulla.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina gaida Ummu Zuhdi, Allah ya ƙara mata lafiyar ido. Ina kuma gaida wadda za ta karanta mata wannan, Malama Ramziyya 'yar ƙanenta, wadda aka ce mini har yau tana koya wa yara lissafi da fuskar nan tata ta wadda ta tauna lemon tsami. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Ba al'adata ba ce in riƙe alƙalami, ina da masu yi mini. Amma shekara bakwai ke nan da na ɗauko ɗanku Zuhdi yana ɗan shekara goma sha huɗu, na ga ya kamata ku ji daga bakin babba irin mutumin da ya zama. Yaron nan kan tashi sallar asuba ya je ya tada ladan. In ya taka tsohon ƙarfe, tsatsa da kanta take kakkaɓe jiki ta gudu. Turawa kan tsaya a bakin ƙofa su cire hula in ya wuce. Ya yi ƙiba, ya yi saje, har na yi niyyar ba shi 'yata. Sai ya ce mini, "Alhaji, ka yi haƙuri, akwai wata malama a gida da ta taɓa jifana da takalmi a kan ɓaure guda. Sai ta nemi gafarata tukuna zan iya tunanin wata mace." Na ce Allah ya shirye ta.

Daga yau kada ku aika takarda filin ƙarafa, ɓeraye sun addabi ofishin. Ku aika sito mai lamba goma sha huɗu da na rubuta a bayan ambulan. Ku sa sunana, a ƙasa ku rubuta "hannun Zudi", don haka Turawa ke kiransa.

Ga kaset ɗin da ya ɗauka wa mahaifiyarsa kamar yadda ya saba. A tara maƙwabta, a dafa musu gahawa. Ku gaida akuya.

Naku mai girma,
Alhaji Abu Mundir


Ain Safsaf, 12 ga Afrilu

Zuwa ga Baba Alhaji Abu Mundir, Allah ya ja da ransa.

Gaisuwa da girmamawa. Takardarka ta iso bayan sati shida, ta hannun direban da ke kai wasiƙu jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Kuburus. Mutanen ƙauye lafiya. Inna, wato Ummu Zuhdi, na gaishe ka, ta ce Allah ya saka maka. Ni kuwa ban san Alhaji ya san ni haka ba. Na ga Zuhdi ya cika maka kunne da zancena, kuma ɓauren nan nawa ne, shi ya sata.

Baba Alhaji, ba wannan ya sa na rubuto ba.

Mun tara maƙwabta ranar Juma'a da la'asar muka sa kaset. Zuhdi ya gaida kowa da sunansa, har akuyar Inna, aka yi ta dariya. Ya ce, "To Umma, sai wani kaset," muka ji ya danna. Inna ba ta yarda a kashe rakoda sai zaren ya ƙare, wai ko zai tuna wani abu ya dawo. Muna zaune muna jira sai wani abu ya fara.

Ban san sunan da zan ba shi ba. Da farko kamar ana jan sarƙa a kan siminti. Sai wani inji ya tashi da ƙara mai shiga haƙori, kamar ana yanka ƙarfe, ya mutu, ya sake tashi. Sai duka, duka mai nauyi, ba a fasawa. Can ƙarƙashin wannan duka akwai muryar mutum yana ihu. Inna ta miƙe tsaye, kofi ya faɗi daga cinyarta. Ta ce, "Zuhdi ne." Na ce, "Inna, ba a jin komai a cikin wannan." Ta ce, "Ke ce ba kya ji. Baba yake kira. Saurara: Ba! Ba!"

Akwai maƙwabcinmu Abu Salim, wanda wasu masu bindiga suka taɓa tsarewa wata huɗu a ƙarƙashin wani gini. Ya tashi ya fita ba sallama. Na bi shi har bakin ƙofa. Ya ce, "'Yata, na san wannan. Ana kunna inji ne don kada a ji mutum."

Inna ta sa an maimaita mata sau tara. Ba ta barci sosai. Don Allah ka gaya mana gaskiya, mene ne wannan, kuma ina Zuhdi yake? In da hali ya aiko da wani kaset, ya faɗi ranar da ya ɗauka.

'Yarka,
Ramziyya


Sidni, 20 ga Mayu

Daga Alhaji Abu Mundir zuwa ga Malama Ramziyya, da gaisuwa ga Ummu Zuhdi. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Sanyi ya fara shigo mana, gwiwoyina na tsufa sun fara ba ni labari.

Haba Malama! Ke da kika yi karatun zamani, ƙarar filin ƙarafa ce za ta hana ku barci? Abu Salim Allah ya ba shi lafiya, amma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Nan Sidni ne. Ba mai tsare mutum a ƙarƙashin gini. Nan ko kare ka daka sai an kai ka gaban alƙali.

Da na karanta takardarki na aika aka kira mini shi, na kama kunnensa na murɗe. Na ce, "Kai ɗan banza, me ka aika wa uwarka?" Ya ce, "Alhaji, tsohon kaset ne na ɗauka a kai. Wata rana na manta rakoda a kunne muna aiki, shi ne ragowar ya fito." Na ce, "To ihun fa?" Ya ce, "Ƙarfe ne ya faɗo mini a ɗan yatsa." Na ce, "Da ma a ka ya faɗo maka, ko hankali ya shiga."

Kin ji duk zancen ke nan. Aiki ne kawai. Ki gaya wa Ummu Zuhdi ta ci abinci ta yi barci, ɗanta na nan yana cinye mini tukunya. Maganar sabon kaset, rakodarsa ta lalace, ana gyara. Ku ɗan ƙara haƙuri.

Matsalar yaron nan guda ɗaya ce, Malama: ba ya ji. Da gaske nake faɗa miki, kwanan nan ba ya ji. Sai a yi ta magana yana kallon bakin mutum. Ki sa shi a addu'a, in kin huce da zancen ɓaure.

In ban da wannan, ba abin da zan ce sai alheri. Ni da na san Abu Zuhdi tun muna zuwa makarantar allo tare, ina shaida muku cewa yaron nan ya bi mahaifinsa

wajen riƙon guduma, ba wanda ya kai shi a duk filin. Ga takarda ta ƙare har na shiga ta biyu, kuma hannun tsoho ya gaji. Ku gaida akuya.

Alhaji Abu Mundir


Ain Safsaf, 8 ga Agusta

Baba Alhaji, barka da shan ruwa, ko da yake ta wuce. Ina fatan iyali lafiya. Mu nan ƙauye bai ga wutar yaƙin ba tukuna, amma makarantarmu ta cika da mutanen da suka gudo daga kudu, ba a karatu. Shi ya sa takardarka ta yi wata biyu da rabi a hanya.

Ta iso a buɗe. Wani a shingen hanya ya karanta ta kafin mu, kuma ganye ɗaya kawai muka samu a ciki. Layin ƙarshe da ke hannuna shi ne: "ina shaida muku cewa yaron nan ya bi mahaifinsa." Daga nan ba komai, ko sa hannu babu.

Na so in tsallake layin, amma Inna ta san numfashina. Ta ce, "Karanta abin da kika haɗiye." Na karanta. Na ce mata tabbas akwai ci gaba, ai a sama ka ce yana cinye maka tukunya. Ta ce, "Haka ake yi wa tsofaffi. A fara ba su zuma, sannan a ba su labari."

Ka ce ba ya ji. Wannan mun sani tun yana rarrafe, ba sabon abu ba ne.

Amma ga abin da ya fi damuna. Inna ba ta yarda ƙarar aiki ce ba. Ta zaunar da ni gaban rakoda ta ce, "Shekara ashirin da shida ina kwana ina tashi a bayan maƙera. Mai aiki yana duka ne yana dubawa, ya juya ƙarfe, ya tsaya, don akwai abin da yake so ya fito. Wannan ba abin da ake ƙerawa. Duka ne don duka." Sai ta kama hannuna tana buga shi a gwiwata tare da kaset. Uku, sai ɗaya ƙarami. Uku, sai ɗaya ƙarami. Ta ce, "Kin ji? Uku a kan tagulla, ɗaya a gefen uwar maƙera don wuyan hannu ya huta. Tun da maigidana ya karye a hannu yake yin haka. A duk kasuwar maƙeran Tarabulus ba mai wannan bugun sai Abu Zuhdi. Uban na bugawa, ɗan na kiran Baba. Me kuma kike so a gaya miki?"

Baba Alhaji, ni ba mai yarda da irin wannan ba ce, amma na ƙirga da kaina. Uku da ɗaya ne, daga farko har ƙarshe.

Ta yi rantsuwa ba za ta ƙara cin dafaffen abinci ba sai ta ji muryarsa da kunnenta, ba ta kaset ba. Burodi take tsomawa a ruwa. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Ta ce da an yi Babbar Salla za ta sauka Tarabulus, ofishin waya, ta kira filinka. Ka san yadda hanyar nan take yanzu. A satin da ya wuce an sauke mutum biyu daga mota a shingen gada, har yau ba labarinsu. Na hana, limami ya hana. Ta ce in ba mai raka ta, za ta tafi da sandarta.

In yana raye, ka hanzarta.

Ramziyya


Sidni, 10 ga Satumba

Malama Ramziyya, gaisuwa. Muna lafiya. Ki karanta wannan a tsaye, kada ki jira a dafa gahawa.

KADA KU SAUKA TARABULUS. Yana raye. Wallahi tallahi yana raye, yanzu haka ya fi kusa da ni fiye da yadda kike zato. Layin nan cewa ya yi ya bi mahaifinsa wajen riƙon guduma. Allah ya isa tsakanina da wanda ya ɗauke ganye na biyu.

Ummu Zuhdi ta yi gaskiya, ba aiki ba ne. Na ɓoye muku ne don kunya. Yaron ya haɗu da wasu 'ya'yan Turawa da ke zuwa filin neman tarkace. Su huɗu ne da shi, suna kwana a wani tsohon sito, kuma abin da kuka ji kiɗa suke kiransa. Kada ki yi dariya. Ba ganga, ba garaya. Duro, sarƙar jirgin ruwa, ƙofar tanderu, injin huda bango, injin yankan ƙarfe.

Ranar Asabar da la'asar na je na gani da idona, a wata tsohuwar masana'antar bulo da aka daina aiki. Mutum kusan ɗari biyu, duk cikin baƙaƙen kaya, ba mai rawa, ba mai murmushi, kamar masu jiran a fito da gawa. Wata yarinya mai askakken kai, Nolin, ita ke riƙe da injin yanka. In ta ɗora shi a kan duro, tartsatsi sai ya tashi ya zubo kan na gaba, su kuwa ko gezau. Wani dogo, Warik, yana huda bangon ginin da kansa, ƙura na zubowa daga rufi cikin gashin mutane. A tsakiya ga ɗanku, ba riga, da guduma biyu, gaban wani farantin ƙarfe da ya fi ƙofar masallaci. In ya buga, ba a kunne kake ji ba, a haƙarƙari kake ji.

Ihun kuwa ba Baba yake kira ba. Sun ce masa ya yi ihu da harshensu na gida, shi kuma ba abin da ya zo masa sai karatun allo. Alif, ba, ta. Turawan nan suna tsammanin wata tsinuwa ce ta mutanen da suka ga yaƙi. Har wani ya zo bayan an gama, idonsa jawur, ya ce, "Ɗan'uwa, me kalmomin ke nufi?" Zuhdi ya ce, "Ba a fassarawa, ka bar shi kawai."

Na ji Nolin tana ce masa, "Kai Zudi, ɗan asara, ina audugar da na ba ka ka toshe kunne?" Ya ce, "Na ba Warik ya share hanci." Ta ce, "Taɓa wuyanka ka gani." Ya taɓa, sai ga jini siriri ya gangaro daga kunnen dama. Ta ce, "Wata rana sai dai a rubuta maka magana a takarda, kuma ni ba zan rubuta ba." Ya yi dariya. Ina jin bai ji rabin abin da ta ce ba.

Bugun uku da ɗaya, shi ma bai san yana yi ba sai da takardarki ta zo. Hannunsa ne ya tuna. Ba wanda ya taso daga kabari.

Ki gaya mata duk wannan, ko ta tsine masa, tsinuwar mai rai ce a kan mai rai. Ki dafa mata miyar waken adas. Kada ku kira filin, wayar ta lalace. Kada ku hau hanyar nan.

Alhaji


Tarabulus, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga wanda ke rubuto mana.

Ban san gaisuwar da zan yi maka ba, don ban san ko kai wane ne ba.

Takardarka ta Satumba ta iso ƙauye kwana goma sha ɗaya bayan mun bar shi, direba ya biyo mu da ita nan. Mun sauko ranar huɗu ga Salla. Shinge shida muka wuce. A na huɗu aka sauke mu duka, aka tsayar da mu a rana fuska ga bango, Inna tana riƙe da rigata. Da aka ce mu koma mota, kujerar da ke gabanmu ta zama ba kowa, wani saurayi ne da ke ta ba mu inabi tun daga ƙauye. Ba wanda ya tambaya. Direba ya ja.

Mai ofishin waya yana da littafin lambobin mutanenmu na Sidni. Wayar filin ba ta lalace ba. Mun jira awa biyar aka haɗa mu. Na riƙe kan wayar tsakanin kunnena da na Inna.

Wani tsoho ya ɗauka. Na ce, "Baba Alhaji, Ramziyya ce, mun samu takardunka." Ya ce, "Waɗanne takardu? Ni rabona da rubuta wasiƙa tun kafin a haife ki." Inna ta ƙwace wayar ta ce, "Abu Mundir, ina ɗana?" Ya ce, "Ummu Zuhdi, ke ce? Wallahi na sallame shi tun watan Janairu. Na neme shi daga baya, an ce ya bar ɗakinsa. Ban san inda yake ba. Na ɗauka kun sani." Sai layi ya yanke.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa a tsakiyar ofishin, mutane na tsallake ta.

Ta ƙi komawa ƙauye. Muna gidan matar marigayi kawu, kusa da tashar jiragen ruwa. Kullum da safe sai na raka ta ofishin waya ta zauna a benci har a rufe, wai ko zai kira. Unguwar ba lafiya, ana harbi daga tudu in rana ta yi sanyi. Yanzu ko burodin sai na roƙe ta. Jiya ta tashi tsaye jiri ya kwashe ta.

Ban karanta mata takardarka ta ƙarshe ba. Me zan ce mata? Wanda ya yi mana ƙarya da sunan Alhaji ya sake aiko da wani labari, wai kiɗa ne? Abu Salim ya taɓa gaya mini cewa masu tsare mutum sukan tambaye shi sunayen 'yan gidansu da ƙananan labarai, don su rubuta wasiƙar da za a yarda da ita. Ka san zancen ɓaure. Ka san akuya. Waye ya gaya maka, kuma a wane hali yake lokacin da ya gaya maka?

In kuɗi kuke so, ku faɗa. In ya mutu, ku faɗi inda aka binne shi, da ko an yi masa salla. In kuwa yana da rai, ba takarda, ba kaset. Murya.

Ramziyya bint Kamil


Sidni, 1 ga Disamba

Ramziyya,

Ina gaishe ki, ina gaida Umma. Lafiyata ƙalau in ban da abin da zan faɗa a ƙasa. Ba wanda ya tsare ni. Ba wanda ya tambaye ni zancen ɓaure, ni na sace shi, kuma ko yau na samu zan ƙara.

Alhaji bai taɓa rubuto muku ko harafi ba. Na ɗauka tun a layi na uku za ki gane, ki rubuto ki zage ni, mu yi dariya. Wane Alhaji ne zai ce ki gaida akuya? Na manta ba ki taɓa ganin rubutuna ba, kuma rubutun allo duk kamarsa ɗaya, na tsoho da na yaro. Da kika amsa da "Baba Alhaji" na yi dariya har na faɗo daga kan duro. Da na kai ƙarshen takardar ban ƙara dariya ba, amma na riga na shiga rigar, na kasa fita.

Ba wasa ne kaɗai ya sa ni ba. Na so in riga labari isa gida. Alhaji ya sallame ni ne ranar da babbar mota ta yi baya da kaya, mutum biyar na yi mini ihu, ni ina tsaye ina kallon sama. Da taku ɗaya ta kuskure ni. Ya ce ba zai aika wa Ummu Zuhdi gawa ba. Mutumin kirki ne, ki nema mini gafararsa in kin sake samunsa, ni ba ni da fuskar.

Lokacin kunnen hagu ne kawai. Kaset ɗin da kuka ji tun Disambar bara na ɗauke shi. Yanzu na dama ma ya bi sahu. Na rubuto miki cewa ba na ji, kika ce kun sani tun ina rarrafe, kuma ban ga laifinki ba. Abin da ya rage mini wani siririn kuka ne a cikin kai, dare da rana, kamar an manta inji a kunne a wani ɗaki an tafi da makulli. Nolin ta ja ni wurin likita. Ya rubuta mini a takarda cewa abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage kuma in ban bar guduma ba shi ma zai tafi. Na bari sati uku. Sai na koma. Kada ki tambaye ni hankali, Ramziyya. In na buga farantin nan ina jin sa a ƙirji da tafin ƙafa, kuma shi ne kaɗai abin da ke yi mini magana yanzu ba sai na kalli bakinsa ba. Amma tun ranar da takardarki ta ƙarshe ta zo ban taɓa shi ba, kuma ba zan taɓa ba sai Umma ta ci abinci.

Rakoda ba ta lalace ba. Sau shida na gwada sabon kaset. Nolin ta saurara ta ce, "Zudi, kana ihu kamar mai kiran awaki daga wani dutse. Uwarka na ji za ta gane." Shi ya sa na hana ku kira. Na ji tsoron Umma ta yi mini magana in tsaya kamar gunki. Tsoron nan nawa shi ya tsayar da ku fuska ga bango. Saurayin nan mai inabi, kullum sai na gan shi, ni da ban san fuskarsa ba.

Ga abin da za a yi. Lambar da ke ƙasa ta shagon wani Bagirke ce da ke jikin sitonmu, ya yarda. Duk Juma'a, ƙarfe tara na safe agogonku, ina nan tsaye gaban wayar, daga wannan satin har ranar da za ku kira. Nolin za ta ɗauka. Ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya, sai "Umma" da na koya mata. In ta ji muryar tsohuwa za ta miƙo mini, ta manna kunnenta a bayan wayar. In Umma na magana za ta dafa kafaɗata in yi shiru, in ta tsaya ta ɗaga hannu in ci gaba.

Ki shirya Umma tun yanzu. Ki ce mata muryar za ta yi ƙarfi, kuma in ta tambaye ni gabas na amsa yamma, ba rashin kunya ba ne. Ta yi ta magana duk da haka, ke ki riƙe abin da ta ce ki rubuto mini, kada ki rage komai. Ki taho da abinci a kwano, dafaffe, mai zafi, ki buɗe shi a kan benci kafin a haɗa layin. Da an ajiye waya ku nemi mota ku koma ƙauye.

Nolin ta ce in ta ji Umma na kuka za ta matse mini hannu sau ɗaya. Na ce in ta ji kamar zagi ne ta matse sau biyu, don shi na fi sa rai, kuma shi na fi so.

Ban je Makka ba, ba ni da fili, ba ni da 'yar da zan ba kowa. Ni ne na rubuta duka, tun daga ta farko.

Taubashinki,
Zuhdi